Rabon Mai Riƙe Tasa

Ran Litinin, rana ba ta gama fitowa ba,
Baba Nomau ya kwantar da ɗan akuya a gindin maina,
ni ke riƙe da tasa, shekaruna tara.
Ya feɗe, ya tsaga ƙirji,
ya cusa yatsu biyu bayan ƙashi,
ya zaro wata 'yar tsoka fara-fara, lugub kamar ƙwaƙwalwa.
"Wannan ba ta zuwa kasuwar Shuwarin," ya ce,
"rabon mai riƙe tasa ce."
Ya gasa mini a gefen tukuba, ya barbaɗa gishiri.

Na ce yaya sunanta?
Ya ce mahauta ba su raɗa mata suna ba.
Sun dai san ɗan akuya yana da ita, ɗan maraƙi ma,
amma tsohon bunsuru, ka tona har ka gaji,
kitse kaɗai za ka tarar a gurbinta.

Bayan shekara goma sha biyu, a Jahun,
a ajin da fankarsa ba ta juyawa,
malama ta zana ƙirjin jariri a allo,
ta ɗiga alli tsakanin huhu biyu, a saman zuciya.
"Taimus," in ji ta.
Sai na ji gishirin nan a harshena.

Ashe makaranta na cinye!
Can fararen ƙwayoyin jini ke zuwa daga ɓargo,
ɗanyu sharaf, ba su san gabas ba,
a zaunar da su a koya musu 'yan gida:
wannan hanta ce, taku ce, kul,
ga fata, ga ƙoda, ku gaida su ku wuce.
Wanda ya ɗaga wa ɗan'uwa hannu ba ya fita.
Wanda bai gane kowa ba, shi ma ba ya fita.
'Yan kaɗan ake sallama,
su bazu cikin jini suna sintiri.

Yaro na balaga sai ta fara rufe azuzuwa,
ɗaya bayan ɗaya, ba ƙararrawa, ba shela,
kitse ya zo ya zauna a kan benci.
Waɗanda ta yaye su ke gadin gari har furfura.

Yanzu Baba ya miƙa wa Ɗanliti wuƙa.
Bana tari ya riƙe shi tun shuka har bayan maimai,
sai da na kai shi asibitin Kiyawa.
Da ya warke, wani mai lasifika ya sayar masa da kwalba,
wai tana maida garkuwar jiki ta ɗan yaye.
Na tura ta bayan randa.
Na ce, Baba, makarantar da ta tashi
ba kwalba ke buɗe ta ba.
Tsofaffin masu gadin nan za mu ciyar.

Na tsinko zogale a jikin danga, na kwaɗa da ƙuli.
Wake, ƙwai biyu in kaza ta yarda,
gwaba a lokacinta.
Ruwan burtsatse, ko da layi ya kai masallaci.
Na ɗaura gidan sauro,
na ce rediyo ya yi shiru bayan lisha,
shi ma mai gadi yana so mai gida ya yi barci.
Da safe ya taka zuwa gona ya dawo.

Jiya na dawo da ɗana daga rigakafi, yana ta tsala kuka.
Baba ya ce me aka yi masa?
Na ce an nuna wa masu gadinsa kamannin ɓarawo
tun bai hauro katanga ba.

Ya ɗora tafinsa a ƙirjin yaron, ya daɗe.
Sannan ya ƙwanƙwasa nasa.
"To, ni ne tsohon bunsurun ke nan."
Ya yi dariya har tarin ya leƙo.
Ya jawo kwanon zogale yana mita,
wai mahauci guda ya koma cin ganye.